Ledar da Baba Ya Sa wa Takarduna

Ajin da na fi daɗewa ina koyar da Faransanci a cikinsa yana da taga ɗaya da ba ta rufuwa, kuma ta nan ake hango duwatsun da ke bayan Minna. Da damina sukan yi kore shar, hadari ya taso ta bayansu a hankali kamar ba ya son zuwa. In yara sun duƙufa suna kwafar abin da na rubuta a allo, sai in jingina da bango in saki idona ya tafi kiwo. Gaskiya ba duwatsun nake kallo ba, teku nake gani a bayansu. Sau ɗaya tak na taɓa ganin teku, lokacin da jami'a ta kai mu Lome ta ƙasar Togo mu yi 'yan watanni muna jin yaren a bakin masu cinikin kifi da shi. Na dawo gida da jikina da jakata, amma wani sashe na hankalina ya ƙi shiga mota, ya tsaya can bakin ruwa yana shan iska. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a makarantar gwamnati, ban daina jin wannan iskar ba duk sanda aji ya yi shiru.

Aji kuwa bai cika yin shiru ba. Yaranmu sun ɗauki darasina lokacin hutu ne da aka manta ba a kaɗa masa ƙararrawa ba. Sukan gaishe ni da Faransanci da ƙarfin gaske, su ja wasalin har ya kai bakin ƙofa, daga nan kuma shi ke nan, an gama Faransancin yini. Iyaye ma in sun zo ba ni suke nema ba, malamin lissafi suke nema. Wani uba ya taɓa tambayata, da zuciya ɗaya, ko wannan yaren da nake koyarwa ana cin abinci da shi. Na ce masa ga ni nan ban mutu ba. Ya dubi takalmina, ya dube ni, ya yi mini fatan alheri. Ni mutum ne mai saurin hawa, wannan kowa ya sani, har ɗalibai sun san in kunnena ya fara motsi gara kowa ya nemi littafinsa. Amma ran nan ban yi fushi ba, kunya ce ta kama ni.

Wadda ta fara cire ni daga mafarkin tsaye ita ce malamar Turancinmu, wadda duk muke kira Madam. 'Yar garin Beji ce da ke kusa da Minna, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma, kuma duk kaka sai ta cika bayan motar haya da doyar gonar gidansu ta zo ta rarraba mana. A gindin mangwaron da muke zama in ofishin malamai ya yi zafi ta same ni ina kallon sama.

"Malam, haka za ka zauna kana kallon dutse har fansho ya zo ya same ka?" in ji ta. "Wannan Faransi naka ya fi karfin wannan aji."

Na ce, "To Madam, in kai shi ina?"

"Hanya dayawa ne. Ka iya koyar da yara ta waya, ka iya yi fassara wa mutanen agaji, ka iya je makarantar kudi a Abuja. Amma in ni ne kai, intanashonal zan nema. Yar kanwana yana aiki a daya. Yara sha biyar a aji, Malam. Sha biyar, da fanka."

Ta yi mini bayani cewa makarantu ne da 'ya'yan jakadu da na ma'aikatan ƙasashen waje ke zuwa, ana bin tsarin karatun wata ƙasa, kuma suna ɗaukar malamai daga ko'ina. Suna nan a Abuja da Legas, suna nan a kusan kowane babban birni na duniya. Sai ta ɗaga yatsa ta ƙara da cewa, "Amma su ba ya duba fuska, ba ya duba kawun wane. Takarda yake duba. Digiri naka shi kadai ba zai kai ka ko Suleja ba."

Maganar yara goma sha biyar ita ta bi ni gida. Ina cikin keke napep zuwa unguwarmu Barkin Sale, an matse ni tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai buhun gawayi, amma ni ina wani aji mai farin bango, ina kiran yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa yana amsawa da jimla cikakkiya. Har mai keken ya wuce layinmu ban sani ba.

Daga nan na shiga farautar takardu, kuma ta ci mini shekara uku. Digirina na yaren ne zalla, ba na koyarwa ba, don haka sai da na koma na yi difiloma ta aikin malanta, Asabar da Lahadi, ina zaune a benci ɗaya da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. Na zauna jarrabawar lasisin malamai a gaban kwamfuta. Na je Abuja na yi jarrabawar Faransanci wadda duniya ta yarda da ita, inda wata farar mata ta sa ni in yi mata gardama a kan cunkoson birane na kusan rabin awa. Gardama kuwa ai gida ta zo, na ci da maki mai kyau. Bayan wannan sai kwasa-kwasan intanet: ɗaya a kan tsarin karatun da makarantun ke bi, ɗaya a kan kare yara daga cutarwa, wanda aka ce in ba ka da shi ko buɗe takardarka ba za a yi ba, ɗaya kuma a kan koyar da yaron da Turanci ba yaren gidansu ba ne. Madam ce ta dage a kan na ƙarshen, wai malamin da ke da igiya biyu a hannu ya fi saurin samun wurin ɗaurawa. Akwai wata kusurwa a tsakar gidanmu, kusa da randa, inda nan ne kaɗai sabis ke kamawa sosai. A nan na yi karatun duka, a kan kujera 'yar tsugunne, bayan la'asar, kaji suna zagaya ni. Matata ta ce da ta san randa zan aura da ba ta wahalar da kanta ba.

Duk takardar da ta fito, ba ta kwana a gidana. Mu a gidanmu al'ada ce, takarda mai daraja wajen Baba take zama. Mahaifina tela ne a unguwar Limawa, a shagon da ke jikin zauren gidan da aka haife shi. Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, ya zauna, ya yi iyali, bai koma ba. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, amma ban taɓa ganin mai girmama takardar boko kamarsa ba. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, a ciki takardun haihuwarmu suke, da na filin gida, da sakamakon kowa tun daga firamare. In ka kawo sabuwa, sai ka yi hoto da kwafinta tukuna, ka miƙa masa ta asalin, ya yi addu'a, ya kulle. Ban taɓa ganin aibin wannan ba. Gidan haya nake, rufinmu yana yoyo, kuma na san halina da yar da abu.

Na aika neman aiki wurare da yawa har na daina ƙirgawa. Yawancinsu ko tari ba su yi ba. Wasu suka amsa da irin ladabin nan mai sanyi da ke nufin ka kama gabanka. Sai wata safiya, ina cikin sa hannu a rajistar malamai, saƙo ya shigo daga wata makaranta a wani birni na bakin teku a gabashin Afirka. Malamar Faransancinsu za ta koma ƙasarsu, suna son su gan ni ta bidiyo.

Ranar ganawar na sa babbar riga a sama, a ƙasa kuwa silifas ne. Matata ta tsaya a ƙofar gida kamar ɗan sanda tana korar masu talla, ta roƙi mai injin niƙa na maƙwabta ya ba mu awa ɗaya. Mutum uku ne a allon wayar. A bayan shugabar makarantar akwai taga a buɗe, labule yana motsi, kuma na rantse na ji ƙanshin gishiri a Barkin Sale. Ban san duk abin da na faɗa ba. Na dai tuna sun tambaye ni yadda nake sa yaro mai kunya ya yi magana, na ba su labarin wata ɗalibata da ba ta buɗe baki sai na mayar da ajin kasuwa na ba ta tiren albasa ta sayar da Faransanci. Suka yi dariya. Bayan mako biyu suka ce sun ɗauke ni.

Sharaɗi ɗaya ne ya rage. Kafin ƙasar ta ba ni izinin aiki, sai na kai takarduna na asali wani ofishi a Abuja an tantance su an buga musu hatimi, in aika cikin wata ɗaya. In wata ya wuce, za su kira wanda ke bina a layi, don zango ba ya jiran kowa. Na karanta wannan na yi murmushi. Mutumin da ya yi shekara uku yana tara takarda, hatimi ne zai gagare shi?

Na tafi Limawa na sami Baba yana taka keke, gilashinsa a kan karan hanci. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Ya daɗe yana kallon ɗinkin da ke gabansa kafin ya ce, "Alhamdu lillahi. Kwana nawa ne a mota?"

"Ba a zuwa a mota, Baba. Jirgin sama ne."

"Akwai masallaci?"

"Da yawa. Musulmi sun yi yawa a garin."

"Ka ce bakin teku ne. Wato garin danshi ke nan."

Na ce haka ne, ana cewa har gishiri yakan jiƙe a kwano. Ya gyaɗa kai, ya ce in dawo jibi in karɓi takardun, zai fito da su ya shirya mini. Ya ci gaba da taka kekensa. Ina fita na ji ya tsaya kuma, amma ban waiwaya ba, don a lokacin ƙafata ba a ƙasa take ba.

Bayan kwana biyu na dawo. Ya kai hannu ƙarƙashin teburin yanka ya fito da wata jaka da ya ɗinka da ragowar shadda, har da zif. Na buɗe, sai ga takarduna huɗu, digiri da difiloma da lasisi da ta jarrabawar Faransanci, kowacce an rufe ta ruf da leda mai kauri, suna ƙyalli. Ya kai su shagon masu kwafi an yi musu lamineshan.

"Ko cikin tekun suka faɗa, ka tsamo ka goge da hannun riga," in ji shi. Fuskarsa cike da jin daɗin abin da ya yi.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ni ma na ji daɗi. Na yi godiya, na ƙwanƙwasa digirin da farce na ji ya yi ƙara. A Minna wa bai yi wa takardarsa haka ba? Ta Madam a rufe take, ta shugaban makarantarmu a rufe take. A garin da gara ke cin ƙofa, ruwan sama ke shiga ɗaki ba sallama, rufe takarda da leda shi ne hankali. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu, kuma duhun nan mu duka muke cikinsa.

Na kama hanyar Abuja da sassafe. Tun daga Chanchaga na fara shirya gidan da ban gani ba: inda zan sa tabarma, inda matata za ta jera tukwanenta in ta biyo ni, hanyar da zan riƙa bi da yamma in je in tsaya bakin ruwa. Ramukan hanya suna jijjiga mu, ni kuwa ko a jikina.

Matar da ke karɓar takardu a ofishin ta zuge jakar shaddar, ta zaro digirin, ta juya shi, ta ajiye. Ta zaro sauran ta duba. Da ta ga sunana sai ta bar Turanci ta koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, wa ya ce ka rufe su?"

Na ce don kada su lalace ne.

"A bayan takarda muke buga hatimi mu sa hannu. Tawada ba ta zama a kan leda, yatsa ɗaya zai share ta. Kuma sai na taɓa takardar na ji ta kafin in ce ta gaske ce. Wannan ba zan iya karɓa ba, ka yi haƙuri. Kullum sai mun mayar da mutane saboda wannan."

Na roƙe ta, na yi mata Turanci, har Faransanci ya kusa suɓuce mini. Ta saurare ni har na gama, don ba muguwa ba ce, ta ce in koma inda aka ba ni takardun in nemi wasiƙar shaida. Na fita na buga waya jami'armu, wani abokina da ke aiki a can ya ce satifiket ba a buga shi sau biyu, wasiƙa kuma tana fitowa, amma kada in sa rai kafin wata biyu. Takardu huɗu, wurare huɗu. Ni kuma kwana ashirin da ɗaya suka rage mini.

A hanyar dawowa ba teku, ba tabarma. Zuciya ce kawai take tafasa, kuma kafin mu kai Lambata na riga na sami wanda zan juye wa ita. Na tuna yadda ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Na tuna yadda ya ce in dawo jibi. Shaiɗan ya jera mini su tsaf, ni kuma na karɓa hannu biyu. Daga tasha ban je gida ba, ɗan acaɓa na hau zuwa Limawa.

Ana shirin kiran magariba na shiga shagon. Ban durƙusa ba. Na ajiye jakar a kan teburinsa na ce, "Sun ƙi karɓa. Ledar nan ta kashe takardun. Sai an cire ta, kuma ba ta ciruwa."

Ya cire gilashinsa. "Sun ƙi?"

"Shekara uku, Baba. Wa ya sa ka? Ka tambaye ni? In ba ka son in tafi ai sai ka faɗa mini da baki, ba sai ka bi ta bayan gida ba."

Wannan ita ce maganar da na faɗa wa mahaifina, a shagonsa, da bakin nan nawa da nake taƙama ya iya yare uku. Ya dube ni kawai, irin kallon da yake yi wa yadin da aka yanka ba daidai ba. Na kwashi jakata na fita. Magana zarar bunu ce, tun kafin in kai bakin titi na san abin da na zaro ba zai koma ba, amma girman kai ya hana ni juyawa.

Kwana biyu ban taka Limawa ba. Na je makaranta na koyar kamar wanda aka ɗaura wa dutse. A gindin mangwaro Madam ta tatsi labarin daga bakina, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tafa hannu sau ɗaya.

"Malam, ka yi karatu amma ba ka da wayo. Tsoho wanda ba ya so ka tafi, zai dinka maka jaka da zif? Babana ya mutu, in ya dawo yau ya kona satifiket nawa duka, zan ce masa sannu da aiki. Aiki ya tafi, wani aiki zai zo. Tashi ka je."

Na ce sai an tashi daga makaranta. Ta ce ita za ta riƙe mini ajin, ai gaisuwar Faransancin ita ma ta iya.

Hantsi ya ɗaga lokacin da na isa. Shagon a buɗe, amma keke a rufe da ƙyalle, abin da ban taɓa gani ba a ranar aiki. Baba yana zaune a gaban teburin yanka, ga dutsen guga na gawayi a gefensa, ga reza, ga allura, ga ƙaramin almakashi. A gabansa akwai wata tsohuwar takarda, ko in ce abin da ya rage daga gare ta. Ta rabu biyu kamar ɓawon rogo. Rabin fuskarta ya bi leda ya tafi, ledar ta yamutse ta yi baƙi-baƙi, abin da ya saura a tebur kuwa fari ne fat mai gashi-gashi, sai ɗigon tawada nan da can.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar ba abin da ya faru. Na tambaye shi wace takarda ce wannan.

"Ta kakanka ce. Wadda Turawan jirgi suka ba shi da ya bar aiki. Ran da na kai naka na haɗa da ita aka rufe."

Na san da ita. Tun ina yaro nake ganinta a ƙasan akwatin, a naɗe cikin wani tsohon rawani. Ita kaɗai ce abin da kakanmu ya bari mai ɗauke da sunansa, don ko hotonsa ba mu da shi.

"Baba, me ya sa?"

"Ka ce ba ta ciruwa. Na ce bari in gani. Ba a koyon yanka a kan shaddar mutane, shi ya sa ban aika a karɓo naka ba." Ya taɓa gefen takardar da yatsa. "Na gane abu ɗaya dai. Inda rubutu yake, leda ta riƙe shi gam, in ka ja sai ta taho da shi. Amma bayan, dubi, ya fita lafiya lau. Shi hatimin nan nasu, a ina suke buga shi?"

Na ce, "A baya."

"A baya kawai?"

"A baya kawai, Baba."

Da ran nan na tsaya na yi masa bayani kamar ɗan kirki, kalma biyu sun isa, da bai taɓa fuskar takardar ubansa ba. Na san ya gane haka, shi ma ya san na gane, amma bai faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai ya ce, "Kawo su."

Jakar tana rataye a kafaɗata, kwana biyu ina yawo da ita. Na ba shi ina fargaba, don in digirin nan ya yi abin da ta kakana ta yi, ba aikin teku kaɗai ba, har na Minna sai ya yi mini wuyar riƙewa. Ya fara da lasisin, da na ce masa shi ya fi sauƙin sakewa. Ya bi gefen ledar da almakashi ya yanke inda ta haɗe. Ya kifa takardar, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ya rage garwashin dutsen har sai da ya iya ɗora tafinsa a ƙasansa ya ƙirga uku. Ya goga kusurwa ɗaya, ya ɗaga ƙyallen, ya sa bakin allura ya ɗan ɗago ledar, ya bi da reza a kwance. Kaɗan-kaɗan, faɗin farce a kowane zuwa. Wata mata ta leƙo da ɗinkin biki, ya ce ta dawo gobe, ko ɗago kai bai yi ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Hasken ƙofa ya taso daga ƙafar tebur ya hau kansa ya sauka ta ɗaya gefen. Jirgi ya yi kuka can wajen tasha. Muka tashi muka yi azahar muka dawo. Ni aikina hura garwashi da riƙe gefen takarda, kamar lokacin da nake ɗan shekara bakwai ina riƙe masa bakin yadi. Ina kallon hannuwansa, jijiyoyi duk sun fito, amma ko kaɗan ba sa rawa. Kafin la'asar takardu huɗu suna jere a tebur, fuskarsu a cikin leda, bayansu tsirara, sai ɗan gurzuwa a kusurwar difilomar.

A nan ne na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na faɗa." Hawaye ya zo mini ban shirya masa ba.

Ya zubar da tokar dutsen a bakin ƙofa, ya dawo ya zauna. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Rabin maganarka gaskiya ce ai, ba na son ka tafi. Na tsufa, kuma kai ne babba. Amma rashin sona daban, hanyarka daban. Uban kakanka ma ya bar ɗansa ya biyo jirgi ya zo nan, shi ya sa muke nan."

Washegari na koma Abuja. Matar nan ta juya digirin, ta shafa bayansa da tafin hannu, ta ɗaga shi sama ta duba a haske. Ta ce wa ya yi wannan aikin, don waɗanda ta gani sun gwada yawanci da tsumma suke dawowa. Na ce mahaifina ne, tela ne. Ta ce Allah ya ƙara masa lafiya, ta jawo hatiminta. Na aika takardun da sauran sama da mako biyu, izinin aiki ya fito bayan 'yan makonni.

Ana saura kwana uku in tashi na je Limawa da hantsi in karɓi kaftani uku da ya ɗinka mini, masu sauƙin yadi saboda zafin can. Na gwada, ya zagaya ni yana jan kafaɗa yana duba tsayin hannu. Da ya gamsu sai ya zauna, ya jawo aljihun tebur. Guntayen takardar kakana suna ciki, ya adana su a cikin ambulan.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana in yana son tsokana ko in maganar mai nauyi ce. "Da daɗewa wani akawu ya taɓa karanta mini ita, ina saurayi. Abu ɗaya na riƙe, wai an rubuta cewa shi mutum ne mai amana. Sauran ya tafi. Kai da ka yi boko, ai ka karanta ta. Kafin ka tafi ka zauna ka rubuta mini abin da ke ciki, in sa a akwati, saboda yaran da ke tasowa."

Ya turo mini biro da littafin da yake rubuta awon mutane, ya buɗe mini sabon shafi.

Ban taɓa karanta ta ba. Sama da shekara talatin tana kwance a akwati ɗaya da takarduna, sau nawa na ɗaga rawanin nan na ajiye gefe don in kai ga nawa, ban taɓa warware shi ba. Na karanta littattafan mutanen da ban san kabarinsu ba, na haddace dokokin makarantun da ban taɓa gani ba, amma layi biyar ko shida da aka rubuta a kan kakana ban ba su minti ɗaya ba.

Na riƙe biron ina kallon farin shafin. Baba ya gyara zaman gilashinsa, ya matso da kujerarsa kusa da tawa, yana jira in fara.